Cututtukan Ganyen Furen Okid A Cikin Akwatin Gilashi: Yadda Ake Gane Su Da Yadda Ake Magance Su

Duk wanda ya zauna a nan Annandale, cikin gundumar Fairfax ta jihar Virginia, ya san furen da ake kira okid ko da bai san sunansa ba. Shi ne furen nan mai faɗin ganye kamar harshen sa, mai dogon kara ɗauke da furanni farare ko masu ruwan hoda, wanda ake jerawa a bakin ƙofar manyan kantunan cefane. Maƙwabtanmu 'yan Koriya, waɗanda shagunansu suka cika titin Little River Turnpike, suna ba da shi kyauta idan wani ya buɗe sabon shago ko ya sami ƙarin girma a wurin aiki. Ta haka na farko ya shigo gidana. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta kawo mini shi ranar sunan autata, ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu, ta ajiye mini a taga ta nuna mini da hannu cewa kada in cika masa ruwa.

Da hunturu ya shigo aka kunna hita, sai na ga ganyensa ya fara yamutsewa. Na ce ƙishi ne. Na ɗauko tsohon akwatin gilashin da yara suka yi kiwon kifi a ciki, na saka shi tare da wasu guda biyar da na saya daga baya, na rufe ruf, kullum bayan sallar isha'i ina fesa musu ruwa. Da farko sun yi shar. Amma da watan Yuli ya kama, cikin mako guda huɗu suka ruɓe, akwatin yana wari kamar ruɓaɓɓen dankali. Na dattijuwar da kyar na cece shi, bayan na yanke masa ganye biyu daga cikin huɗun da yake da su. Abin da na koya tun daga lokacin shi ne zan bayyana a nan, domin kada wata 'yar uwa ta yi irin asarar da na yi.

Mene ne okid?

Okid dangi ne babba na tsirrai, nau'o'insa sun haura 25,000. Wanda ake sayarwa a kantuna sunansa Phalaenopsis, asalinsa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne. A can ba a ƙasa yake tsira ba, a jikin bishiya yake maƙalewa kamar yadda muke ganin kauci. Bambancinsu shi ne kauci yana shan ruwan jikin bishiyar, shi kuwa okid wurin zama kawai yake ara, saiwarsa tana rataye a sarari. Ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita cikin 'yan awoyi.

Mu ma muna da namu a gida. Akwai wanda masana ke kira Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, wanda ke fitowa a kan bishiyoyi a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka masu zafi. An sa masa sunan John Ansell ne, wani mai kula da lambu da ya biyo ayarin Turawan Ingila da suka shigo kogin Kwara a 1841. A littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dokta J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, irin wannan tsiro yana cikin waɗanda ake kira manta uwa, saboda ana ba yaro shi lokacin yaye.

Akwatin gilashi da matsalarsa

Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ne ya gano, a 1829, cewa tsiro na iya rayuwa a cikin rufaffen gilashi. Da irin akwatinsa aka riƙa ɗauko tsirrai a jirgin ruwa daga ƙasashe masu zafi zuwa Turai. Sai dai masu lambun Ingila na wancan zamani sun kashe okid bila adadin, domin sun ɗauka cewa abin da yake so shi ne zafi da tururi a rufaffen ɗaki. Sai da suka fara buɗe tagogi iska na shiga sannan ya fara yi musu rai. Kuskuren da na yi a falona ke nan, bayan fiye da shekara ɗari da hamsin.

Dalilin da ya sa muke saka shi a gilashi a fili yake. Da hunturu hita na busar da iskar gida har laima ta sauka zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, kamar Kano a tsakiyar hunturu lokacin da leɓe ke tsagewa. Okid kuwa yana son kashi 50 zuwa 70. Amma daga Yuni zuwa Satumba yankin Washington yana da laima kamar damina a gida, sai laimar cikin akwatin ta haura 90, raɓa ta kwanta a gilashi, ganye ya kwana a jiƙe. Laima da zafi da rashin motsin iska su ne abin da ƙwayoyin cuta ke nema. Mafi yawan matsalolin da za ku karanta a ƙasa daga nan suke tasowa.

Tambayoyi huɗu kafin a sayi magani

Idan na ga tabo a ganye, ga abin da nake dubawa:

1. Jiƙaƙƙe ne ko busasshe? A taɓa da tsinken auduga. Mai laushi, mai ruwa, ko mai wari, na gaggawa ne.
2. Yana girma? A zagaye tabon da alƙalami a bar shi zuwa gobe. Idan ya tsallake layin, cuta ce mai rai. Idan bai motsa ba cikin mako guda, tsohon rauni ne.
3. Wane ganye ne? Na ƙasa mafi tsufa, ko sabon da ke tsakiya?
4. Yaya saiwar take? A zare tsiron daga tukunya a duba. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, kore ce idan ta jiƙe, fara kamar azurfa idan ta bushe. Matacciya ruwan ƙasa ce, tana lugwiguicewa, idan aka ja ta sai ɓawon ya zame ya bar zare.

Cututtuka masu kisa da sauri

Ruɓar bakteriya. Tana farawa ne da ɗan tabo kamar an ɗiga mai a takarda, sai ya yi laushi, ya faɗaɗa, ya soma wari. Ƙwayar da ke kawo ta ana kiranta Pectobacterium, a tsofaffin littattafai kuma Erwinia, kuma a lokacin zafi tana iya cinye tsiro cikin kwana biyu ko uku. Ita ce ta kashe nawa. Akwai wata mai suna Acidovorax wadda ke fara da ɗan ƙurji mai ruwa, daga baya ya koma baƙi ya lotsa, da zoben rawaya kewaye da shi. Ruwan da ke fitowa daga tabon cike yake da ƙwayoyin, feshi ɗaya ya isa ya kai su ga na kusa.

Baƙar ruɓa. Wasu ƙwayoyi masu kama da funfuna, Pythium da Phytophthora, su ke kawo ta. Suna yawo ne a cikin ruwa. Ganye ko sabon toho ya koma baƙi ƙirin, baƙin yana gangarawa zuwa gindi. Ta fi kama dangin Cattleya, amma ba ta ƙyale sauran ba.

Ruɓar tsakiya. Ganyen Phalaenopsis yana haɗuwa ne a tsakiya kamar mazurari. Idan ruwa ya kwana a wurin, sabon ganye ya yi rawaya daga gindi, a ja shi kaɗan ya cire. Tsiron ta nan kaɗai yake girma, don haka wannan ta fi kowacce haɗari.

Maganin ukun kusan ɗaya ne, kuma a ranar ake yin sa:

1. A fitar da tsiron daga akwatin nan take. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.
2. A sami sabuwar reza a yanke wurin, a haɗa da lafiyayyen nama kimanin inci ɗaya. Idan tabon ya kusa gindi, a cire ganyen duka.
3. A barbaɗa garin kirfa a bakin yankan domin ya bushe. Kada kirfa ta taɓa saiwa, tana busar da ita.
4. Idan ruɓar tsakiya ce, a cire abin da ya ruɓe, a zuba ruwan haidirojin na kemis mai ƙarfin kashi 3, ya yi kumfa, a karkata tukunyar ya zube, a tsane da takarda. Ko tsakiyar ta mutu kada a yi saurin jefarwa, wani lokaci yakan fitar da ɗa daga gindi bayan wasu watanni.
5. A daina feshi gaba ɗaya, a ajiye shi inda iska ke kaɗawa na mako biyu.
6. A kwashe sauran, a wanke akwatin da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye sosai a bari ya bushe.

Masu okid suna amfani da Physan 20 wajen wanke kayan aiki da fesa wa sauran tsirran. Maganin da ke da sinadarin tagulla shi ma yana aiki a kan bakteriya, sai dai yana ƙona dangin Dendrobium da furanni.

Tabon funfuna mai tafiya a hankali

Idan bakin ganye ya fara bushewa daga tsini yana komawa baya, da layi-layi masu duhu da ƙananan ɗigo baƙaƙe a kan busasshen wurin, funfunar Colletotrichum ce. Idan kuwa tabon rawaya ne ya fara daga ƙarƙashin ganye, daga baya ya yi duhu ya bayyana a sama, sau da yawa Cercospora ce. Waɗannan ba sa kisa cikin kwanaki. A yanke inda ya kamu, a rage laima, idan ya ci gaba a fesa maganin funfuna mai sinadarin thiophanate-methyl bisa umarnin da ke jikin kwalbar. Ƙananan ɗigo ruwan ƙasa a kan furen kansa kuma aikin Botrytis ne, wadda ke son sanyi da danshi da iskar da ba ta motsi. A tsinke furen da ya kamu. A sani cewa tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa, magani yana kare sabon ganye ne kawai.

Abubuwan da ba cuta ba ne

Nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi, suna sayen magani ga abin da ba ya buƙatarsa.

Ganyen ƙasa ya yi rawaya. Idan guda ɗaya ne, mafi tsufa, kuma saiwa lafiya lau, tsufa ne. A bar shi ya faɗi da kansa.

Ganye ya yamutse ya yi laƙwas. Ruwa ne ba ya isa gare shi, amma dalili biyu ne ke kawo haka. Ko dai an bar shi da ƙishi, ko kuma yawan ruwa ya ruɓar da saiwar har ba ta iya sha. Na biyun ya fi yawa a gidajenmu, domin mun taso a inda tsiro ba ya mutuwa sai don rashin ruwa, da mun ga ya yi yaushi sai mu ƙara. Yawancin na kanti suna zuwa ne cushe da gansakuka a cikin kofin roba, ita kuwa tana riƙe ruwa kwana da kwanaki. A yanke matacciyar saiwa, a sake dasa shi cikin ɓawon itace na musamman da ake sayarwa don okid, a tukunya mai huji.

Ƙuraje masu tauri. Idan saiwa ta sha ruwa fiye da yadda ganye ke fitarwa, musamman a ranakun sanyi da hadari, sai ƙananan ƙuraje su taso a ganye, daga baya su bushe kamar ɓawon gyambo. Ba sa yaɗuwa. Alama ce cewa laima ta yi yawa ko ana ban ruwa da yamma.

Ƙunar rana. Faffaɗan tabo fari ko rawaya a ɓangaren da ke fuskantar taga, wanda ke komawa baƙi ya bushe kamar takarda. Akwatin gilashi a rana kamar mota ce da aka rufe a filin fakin. Tagar gabas ta fi dacewa. Idan ganye ya yi ɗumi a hannu, hasken ya yi yawa. Idan kuma ya yi kore mai duhu sosai kuma ba ya fure, hasken ya yi kaɗan.

Bugun sanyi. Ruwan famfo a watan Janairu yana fitowa da sanyi ƙarara. Idan ya zuba a kan ganye, ko ganyen ya jingina da gilashin taga, sai bayan makonni a ga layuka rawaya sun lotsa. A riƙa surka ruwan ya zama kamar na wankan jariri. Da dare kada zafin wurin ya sauka ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Farenhait, wato kimanin 16 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Da rana 75 zuwa 85 ya yi daidai.

Baƙin tsini da farin gishiri a bakin tukunya. Takin zamani ne ya yi yawa. Rubu'in abin da aka rubuta a kwalba ya isa, kuma sau ɗaya a wata a kwarara ruwa zalla ta cikin tukunyar ya wanke ta. Gidan da ke da na'urar tausasa ruwa mai amfani da gishiri, kada a ba okid wannan ruwan.

Ƙwari

Manomi ya san darɓa, yadda take barin danƙo a ganyen dawa. Idan ganyen okid ya yi danƙo, ko baƙin toka ya kwanta a kai, a juya shi a duba ƙarƙashi. Za a iya samun farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga a lungun ganye, ko ƙananan ɓawo ruwan ƙasa da suka manne kamar kaska. A jiƙa auduga da sifirit na kemis mai ƙarfin kashi 70 a goge su, a maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10 har sau uku, saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa daga baya. Idan babu ƙwaro ko ɗaya, 'yar zumar da ke fitowa a karan fure ba matsala ba ce, lafiyayyen tsiro ma yana yin ta.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo da ido ba ya gani. Alamarsu ganye ya dusashe ya yi kamar azurfa da ƙananan ramuka. A goge ƙarƙashin ganyen da farar takarda, idan an ga jan zane, su ne. A wanke ganyen da ruwa mai ɗumi da sabulun kashe ƙwari na lambu, a maimaita kamar na sama.

Cutar da ba ta da magani

Bairos iri biyu ne suka fi yawa a okid, ana taƙaita sunansu da CymMV da ORSV. Alamominsu zobe-zobe ne ko zane-zanen rawaya da baƙi a ganye, wani lokaci launin furen ya dabbare. Ido kaɗai ba ya tabbatarwa, akwai tsinken gwaji da kamfanin Agdia ke yi, mai aiki kamar na gwajin ciki. Idan ya tabbata, a jefar da tsiron da tukunyarsa. Ta almakashi da hannu suke yaɗuwa, shi ya sa ake cewa reza ɗaya tsiro ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda na gyara akwatina

Rigakafi ya fi magani. Na cire murfin na sa wanda ya bar tazarar yatsa biyu. Na ɗaura ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, tana aiki dare da rana, iskarta na ɗan motsa ganye ba tare da ta buge shi kai tsaye ba. Na sayi ma'aunin laima da zafi, ba ya da tsada. Ban ruwa da safe kawai nake yi, a saiwa, sai ɓawon ya kusa bushewa, kuma duk ɗigon da ya faɗa tsakiya ina tsane shi. Tukwane ba sa taɓa juna, kuma ba sa zama cikin ruwa. Sabon tsiro sai ya yi wata guda shi kaɗai a wani ɗaki kafin ya shiga cikin 'yan uwansa. Da bazara nakan fitar da manyan Phalaenopsis gaba ɗaya in ajiye su a taga, domin ba sa buƙatar gilashi a lokacin. Wanda ke son abin da zai zauna a akwati duk shekara, ya nemi ƙananan da ake shukawa don kyan ganyensu, kamar Ludisia discolor da Macodes petola.

Gargaɗi ga iyaye: duk maganin feshi a yi shi a waje, da safar hannu, a kulle kwalbar inda yara ba za su kai ba. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne.

Inda za a nemi taimako

Idan abin ya gagara, a ɗauki ganyen cikin leda a rufe, da hoton tsiron gaba ɗaya. Hukumar malaman gona ta jihar, Virginia Cooperative Extension, tana da ofishi a gundumar Fairfax, kuma masu sa kai da ta horar suna zama a wasu kasuwannin manoma da ɗakunan karatu daga bazara zuwa kaka suna duba tsirrai kyauta. Abin da ya fi ƙarfinsu ana aika shi ɗakin binciken cututtukan tsirrai na jami'ar Virginia Tech da ke Blacksburg. Lambun Green Spring Gardens, kusa da mahaɗar Braddock Road da Little River Turnpike, yana da ɗakin gilashi da ɗakin karatu kan harkar lambu. Akwai kuma ƙungiyar masu okid ta yankin, National Capital Orchid Society. Wanda ke son ganin yadda lafiyayyen ganye yake, ya kai yara United States Botanic Garden kusa da ginin majalisar dokoki a Washington, shiga kyauta ne, okid ɗinsu dubbai ne. Ku lura da yadda iska ke motsi a ɗakin.

Abu na ƙarshe ga masu zuwa gida hutu. Kada sha'awa ta sa a cusa manta uwa ko wani okid cikin jaka. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a nan Washington a 1973, ta shafi dangin okid baki ɗaya, kuma shigo da tsiro mai rai Amurka yana buƙatar takardu. Ba tare da su ba za a ƙwace shi a filin jirgin Dulles, wataƙila har da tara.

Dattijuwar da ta ba ni na farko ta koma wurin ɗanta a wata jiha tuntuni. Furen nata yana nan a tagar gabas, da tabon reza a gindinsa, yana fure kusan kowace shekara wajen ƙarshen hunturu. Autar tawa ce ke ba shi ruwa yanzu, ranar Asabar da safe. Allah Ya ba mu sa'a, sai wani jiƙon.